Kaya A Ka, Babu Anini A Kafaɗa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san cewa a aikin soja abin da ke kafaɗar mutum shi ke magana. Mai igiya uku ya ba mai igiya biyu oda, mai anini ya ba mai igiya, haka abin yake hawa har ya kai ga Janar. Wanda ba shi da ko ɗaya kuwa, ko da ya fi kowa sanin abin da ya kamata a yi, iyakarsa roƙo. To, cikin wannan hali ne matan da suka shugabanci aikin jinya a fagen fama suka yi kusan shekara 100 suna aiki. An ɗora musu rayukan dubban mayaƙa, amma an hana su ikon da za su ce wa kurtu guda ya ɗauko bokitin ruwa, ya kuma zame masa tilas ya ɗauko.

Jinyar masu rauni a hannun mata tsohon abu ne. Malaman tarihin Musulunci sun kawo labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda take da hema a masallacin Madina inda take kula da waɗanda suka ji rauni, har ma a cikin hemarta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan da kibiya ta same shi a Yaƙin Gwalalo. Amma shigar da mata cikin tsarin runduna irin ta zamani, mai ofis da albashi da takarda, a yaƙin Kirimiya ya faro, sa'ad da Ingila da Faransa suka mara wa Turkiyya baya a kan Rasha.

A shekarar 1854 jaridar Times ta Landan ta yi ta buga rahoton yadda sojan Ingila ke mutuwa a asibiti ba mai duba su. Da surutu ya yi yawa sai Sidney Herbert, ministan da ke kula da harkar yaƙi, ya roƙi Florence Nightingale ta ja ayarin ma'aikatan jinya zuwa can. Ta tashi da mata 38, suka sauka a Scutari, wata unguwa da ke tsallaken ruwa daga tsakiyar birnin Santambul, a farkon watan Nuwamba. Likitocin soja ba su yi maraba da su ba. Ita kuwa ta gane cewa in ta kutsa kai da ƙarfi za a sami hujjar korarsu, saboda haka ta hana matanta taɓa ko majiyyaci ɗaya sai likita ya nema. Suka zauna suna ɗinke-ɗinke da gyaran kayan shimfiɗa alhali suna jin nishin mutane. Ba a jima ba jiragen ruwa suka fara sauke masu rauni daga gumurzun Inkerman, asibiti ya cika ya batse, likitoci da kansu suka zo neman taimako.

Hoton da duniya ta riƙe shi ne na mace mai fitila tana zaga gadaje da dare. Gaskiya ne ta yi haka, amma yawancin aikinta na magatakarda ne da ma'aji. Da kuɗin da jama'a suka tara ta sayi riguna da sabulu da burushin goge ƙasa, ta kafa wurin wanki, ta gyara madafa, ta kuma yi ta rubuta wa Herbert wasiƙu kan kayan da ke ruɓewa a sito saboda ba a sa hannu a takarda ba. Duk da haka mace-mace ba su ragu ba a wannan hunturu, don ginin a kan magudanar ƙazanta yake, kwalara da atuni da zazzaɓi suna kashe mutane fiye da harsashi. Sai da gwamnati ta aiko da kwamitin tsabta a watan Maris 1855, aka yashe magudanan aka buɗe wa iska hanya, sa'an nan aka ga sauƙi. Wannan darasi ne ta riƙe har ƙarshen ranta, da shi ta yi ta fafatawa da hukumar soja da alƙaluma bayan yaƙi.

Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya kuwa kalma biyu ce. Takardar naɗinta ta ce ita ce shugabar ma'aikatan jinya mata a asibitocin Ingila da ke "ƙasar Turkiyya". Babban likitan rundunar, Dokta John Hall, ya kama wannan ya ce ashe ba ta da ta cewa a asibitocin da ke Kirimiya kanta, inda ake yaƙin. Aka yi fiye da shekara ana wannan ja-in-ja. Sanarwar da ta tabbatar da ikonta a kan dukan asibitocin rundunar ba ta fito ba sai ran 16 ga Maris 1856, mako biyu kafin a sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Faris. Ihu bayan hari ke nan. A wannan yaƙi kuma akwai Mary Seacole, baƙar mace 'yar Jamaika, wadda ta nemi a tura ta aka ƙi, ta biya kuɗin jirgi da kanta ta je ta kafa masauki kusa da Balaclava tana ciyar da soja tana yi musu magani.

A Amurka ma haka aka yi da Dorothea Dix lokacin yaƙin basasarsu. An naɗa ta shugabar ma'aikatan jinya na rundunar Arewa a watan Yuni 1861, ta yi aikin ba albashi, ta kuma kafa sharuɗɗa masu tsanani: ba ta ɗaukar yarinya, ba ta ɗaukar mai kwalliya, tufafi sai baƙi ko ruwan ƙasa. Ta yi haka ne don ta toshe bakin masu cewa mata za su ɓata tarbiyyar bariki. Bai hana likitoci yi mata zagon ƙasa ba, har a watan Oktoba 1863 aka fito da odar da ta ba babban likitan soja damar ɗaukar nas ba tare da an bi ta kanta ba.

Da ƙarni ya juya sai manyan ƙasashe suka kafa sashen jinya na dindindin a rundunoninsu, Amurka a 1901, Ingila a 1902. Kanada ce ta fara ba nas-nas ɗinta matsayin hafsa, har shugabarsu Margaret Macdonald ta zama Manjo a 1914. A Ingila kuwa, Maud McCarthy ta riƙe ragamar jinyar rundunar da ke Faransa tun daga 1914 har aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, tana da mata fiye da 6,000 a ƙarƙashinta a 1918, adadin da ya fi na birged guda, amma ba ta da muƙamin soja. Nas-nas na Amurka sun haura 21,000 a wannan shekara, su ma ba ko anini. Illar wannan a ɗakin majiyyata take fitowa. Sista ce ke da alhakin ɗakin, amma masu ɗaukar marasa lafiya da masu share-share kuratan soja ne, in ta ba su aiki suka ga dama su yi, in ba su ga dama ba su tambaye ta ko ita wace ce. Mutumin da ke kwance da rauni shi ke biyan kuɗin wannan gardama.

A 1920 Majalisar Dokokin Amurka ta ce ta share musu hawaye. Ta ba su izinin ɗaura anini daga ƙaramin Laftana zuwa Manjo, shugabarsu Julia Stimson ta zama mace ta farko mai muƙamin Manjo a rundunar. Sai dai sarautar ta jeka-na-yi-ka ce. Albashinsu bai kai na maza masu irin wannan anini ba, ba su da cikakkiyar takardar hafsa, ikonsu kuma bai wuce ƙofar asibiti ba. Da irin wannan anini ne Kyaftin Maude Davison ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, labarinta kuwa ya isa a tsaya a kansa.

An haifi Davison a Kanada a 1885, ta shiga aikin jinyar sojan Amurka a 1918. Lokacin da jiragen Japan suka fara ruwan bama-bamai a tsibiran Filifin ran 8 ga Disamba 1941, ita ce shugabar nas-nas na rundunar Amurka a ƙasar, tana da shekara 56. Mace ce gajera, marar fara'a, wadda ba ta san wasa a bakin aiki ba, 'yan matan da ke ƙarƙashinta sun fi tsoronta da ƙaunarta. Mataimakiyarta, Laftana Josephine Nesbit, ita ce mai sanyin hali, har nas-nas 'yan Filifin suna kiranta Mama Josie.

Kafin ƙarshen watan Disamba rundunar ta janye daga birnin Manila zuwa wani zirin ƙasa mai kurmi da ake kira Bataan. A can aka kafa asibitoci biyu. Na biyun, wanda Nesbit ke shugabancin jinyarsa, ba shi da bango ba shi da rufi, gadaje ne kawai jere a ƙarƙashin itatuwa a bakin rafi, majiyyata kuma suka yi ta ƙaruwa har suka kai dubbai. Abinci ya koma rabi, ya sake raguwa, kwini ya ƙare, zazzaɓin cizon sauro da atuni suka kama masu jinya da waɗanda ake jinya baki ɗaya. Nas takan gama zagayenta jiki na rawa, ta ɗan kishingiɗa, ta tashi ta ci gaba.

Daren 8 ga Afrilu 1942, da aka tabbata Bataan za ta faɗi, Kanar ɗin da ke riƙe da asibitin ya kira Nesbit ya ce ta tattara nas-nas Amurkawa su haye zuwa tsibirin Corregidor nan take. Ta tambaye shi makomar 'yan Filifin da suka yi wata uku suna aiki tare. Ya ce odar ta Amurkawa ce kaɗai. Nesbit ta ce in ba za a tafi da su ba, ita ma ba inda za ta. Mai karatu ya tuna wannan Laftana ce mai aninin aro take gaya wa Kanar haka, a daren da maƙiya ke tafe. Kanar ya nemi hedkwata ta waya, aka ba da izini, aka tafi da kowa. Majiyyatan kuwa a nan aka bar su kan gadajensu, da yawa daga cikin matan nan sun tsufa suna jin ciwon wannan dare a zuciya.

Corregidor dutse ne a bakin mashigin ruwan Manila, an haƙa masa wani babban rami mai rassa da ake kira Malinta, a ciki aka shirya asibiti mai gado 1,000. A nan Davison ta sake karɓar ragama. Igwa na dukan dutsen dare da rana, ƙura na zubowa kan raunukan da ake wankewa, wuta na ɗaukewa ana cikin fiɗa. A ƙarshen Afrilu jiragen sama biyu masu sauka a ruwa suka zo suka ɗebi waɗansu daga cikin nas-nas, ran 3 ga Mayu kuma wani jirgi mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya ɗebi waɗansu. Ɗaya daga cikin jiragen saman ya lalace a tsibirin Mindanao, matan da ke cikinsa suka faɗa hannun Japanawa. Davison, wadda shekarunta da rauninta na bam da ta samu tun a Manila sun isa su ba ta gurbi, ta zauna. Da aka ga babu makawa, matan da suka rage suka rubuta sunayensu a jikin wani zanen gado, don in an hallaka su a san waɗanda ke wurin. Ran 6 ga Mayu Janar Jonathan Wainwright ya miƙa wuya.

A watan Yuli Japanawa suka kai su Jami'ar Santo Tomas a Manila, wadda aka mayar sansanin tsare farar hula, mutum fiye da 3,000 a cunkushe. A nan fa babu runduna, babu kotun soja, babu wanda zai hukunta nas in ta ce ta gaji. Aninin Davison, wanda dama na jeka-na-yi-ka ne, ya zama ƙarfe kawai. Amma ta tara matanta ta shaida musu cewa har yanzu su sojan jinya ne. Ta tsara aikin karɓa-karɓa na awa huɗu a kowace rana a asibitin sansanin, ta ce duk mai duti sai ta sa rigar kaki da siket, ta kuma riƙe jadawalin nan ba fashi. Waɗansu sun yi gunaguni, suna ganin tsohuwar ta cika taurin kai, mutum na fursuna ana tambayarsa kaki. Ita kuwa ta san abin da zaman banza ke yi wa wanda aka tsare. Wanda ya san akwai mai jiransa da ƙarfe bakwai na safe yakan sami dalilin tashi daga tabarma. Nas-nas 11 na sojan ruwa, ƙarƙashin Laftana Laura Cobb, su ma haka suka yi, a 1943 ma suka yarda aka kai su sabon sansani a Los Baños don su buɗe asibiti a can.

Shekarar 1944 ce ta fi muni. Sojan Japan suka karɓi ragamar sansanin daga hannun farar hula, suka hana shigo da abinci daga waje, rabon kowa ya yi ta raguwa har ya koma ɗan kunun shinkafa ko masara. Mutane suka shiga cin ganyaye da saiwoyi. Ƙafafu suka kumbura, haƙora suka yi ta girgiɗi, tsofaffi suka fara mutuwa kullum. Nas takan hau matakala ta tsaya ta huta kafin ta kai ga gadon majiyyaci, amma jadawalin Davison bai tsaya ba. Sa'ad da tankokin Amurka suka fasa ƙofar Santo Tomas daren 3 ga Fabrairu 1945, kusan mutum 400 sun mutu a sansanin tun buɗe shi. Nas-nas na sojan ƙasa 66 ne aka tsare, su 66 kuma aka fitar da rai. Bayan kwana 20 aka ceto na Los Baños, su ma 11 cif. Davison kanta ba ta kai kilo 40 ba a ranar, sai da aka kwantar da ita a asibiti.

Suna can tsare ne al'amura suka fara sauyawa a gida. A 1943 aka naɗa Florence Blanchfield shugabar sashen jinyar sojan Amurka. Sashen da bai kai mata 1,000 ba a 1940 ya kai wajen 57,000 a 1945, suna aiki daga Afirka ta Arewa da Italiya har zuwa tsibiran tekun Fasifik, an kashe waɗansu da igwa a gaɓar Anzio. Blanchfield ta yi ta zirga-zirga a Majalisa tana tambayar dalilin da zai sa macen da bam ke iya kashewa kamar kowane hafsa ta zama rabin hafsa. A watan Yuni 1944 aka ba su cikakken muƙami, amma na wucin gadi, iyakar yaƙi da wata shida. Sai a watan Afrilu 1947 aka yi dokar da ta mai da shi na dindindin, Janar Eisenhower da kansa ya miƙa wa Blanchfield takardarta ta Laftanar Kanar, ita ce mace ta farko da ta sami irin wannan takarda a rundunar. Ingila ta ba nata nas-nas aninin hafsa a 1941, ta kuma shigar da sashen cikin rundunar sosai a 1949. Daga saukar Nightingale a Scutari zuwa nan shekara 95 ke nan.

Baƙaƙen mata kuwa shinge biyu suka tsallake. A 1941 rundunar Amurka ta ƙayyade cewa baƙaƙen nas-nas 56 kaɗai za ta ɗauka. An tura waɗansu Laberiya a 1943, waɗansu kuma aka ba su jinyar fursunonin yaƙi Jamusawa, alhali ana kukan ƙarancin nas a fagen daga. Mabel Staupers, jagorar ƙungiyar baƙaƙen nas-nas, ita ta yi ta matsa wa hukuma lamba har aka soke ƙayyadewar a watan Janairu 1945. Shekara 34 bayan haka, a 1979, Hazel Johnson ta zama baƙar mace ta farko mai muƙamin Janar a rundunar, a matsayin shugabar wannan sashe da ya taɓa rufe wa irinta ƙofa.

Kafin ita akwai Anna Mae Hays, wadda ta shiga aikin a 1942 aka tura ta Ledo a jihar Assam ta Indiya, bakin hanyar da ake sarawa zuwa Bama, ƙasar da sojan Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a waɗannan shekaru. Ta yi yaƙin Koriya, ta shugabanci sashen jinya lokacin yaƙin Biyetnam. Ran 11 ga Yuni 1970 aka ɗaura mata tauraron Birgediya Janar, ta zama mace ta farko da ta kai wannan matsayi a tarihin sojan Amurka.

Davison ba ta ga wannan rana ba. Bayan dawowarsu an ƙara wa kowace daga cikin matan Bataan muƙami ɗaya, aka ba su lambar yabo, ita ma ta zama Manjo, ta yi ritaya a 1946 saboda jikinta bai ƙara komawa daidai ba. An ba da sunanta don a ba ta babbar lambar girma wadda ake ba hafsoshin da suka riƙe babban nauyi, amma kwamitin da ke duba lambobi ya ƙi, bisa hujjar cewa ba ita ke yanke shawara ba, a ƙarƙashin umurnin likitoci maza ta yi aiki. Aka ba ta wadda ba ta kai wannan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba a ji kwamitin ya faɗi sunan likitan da ya umurce ta ta riƙe mata 66 a bakin aiki har fiye da wata 30 a gidan fursuna ba. Ta rasu a jihar Kalifoniya a 1956. Waɗanda suka rage daga cikin matanta, waɗanda dā suke gunagunin kakinta da jadawalinta, suna cikin masu neman a sake duba maganar, aka kuwa ba ta lambar a watan Agusta 2001, shekara 45 bayan an binne ta.